Matana Ya Dawo

Jama'a, yau na gane na tafka kuskure!

Kun san littafin da nake rubutawa kan marigayi Babanmu, manomin Gayam. Na gwada masu gyaran rubutu biyu da shafi ɗaya. Ta farkon ta bar maganar Baba yadda take: "Matana ya dawo." Na ce ba ta iya Hausa ba, na sallame ta! Na biyun ya mai da ita "Matata ta dawo", na ba shi aikin.

Ɗazu na karanta wa Mama. Ta ce, "Wane ne wannan? Babanku Gbagyi ne, har ya rasu matana yake ce mini."

Wayyo! Sau uku ina kiran ta farkon, ba ta ɗauka ba.