Eriyar da Lukmanu Bai Gama Ba

Lukmanu yana da rumfar gyaran injin ban-ruwa a Bunkure, amma ba nan ya nufa ba tun farko. Lantarki ya karanta a Kano. Can ya ƙware a wata manhaja da ake gwada na'ura cikin kwamfuta kafin a ƙera ta. Abin da ya fi so game da ita, ba sai ka yi ta rubuta lamba ba. Sai ka raɗa wa ma'auni suna, wannan "tsawo", wancan "faɗi", ka ɗaure su da lissafi cewa faɗi rabin tsawo ne. Da ka canza ɗaya, sauran sun bi.

Da ita ya fara zana ƙaramar eriya wadda za ta sanar da manomi cewa ruwa ya iso gonarsa. Bai gama ba mahaifinsa ya makance, ya dawo gida ya riƙe rumfar da gonar tumatir. Izinin amfani da manhajar ya ƙare, yanzu ko buɗewa ba ta yi.

Ran nan yana tsaka da kwance wani inji, malaminsa na Kano ya bugo waya.

"Lukmanu, zanenka na nan, ban ba kowa ba. Yaushe za ka zo?"

"In an cire tumatir, Malam, in sha Allahu."

Bara ma haka ya ce. Ya jima yana kallon motocin Kano suna wucewa, har mai injin ya yi gyaran murya. Sannan ya ɗauki sifana.