Gwangwanin Majigin Baba

Babanmu ya yi aikin majigi tun ba a haife ni ba. Gadon da ya bar mini gwangwani ɗaya ne, mai faɗin faifai, da fim naɗe a ciki. Muna yara yakan rataya farin zane a zaurenmu na Sabon Gari ya kunna na'ura. Wani siririn Bature ne yake bin budurwa, yana zamewa cikin kwata, tana dariya. Daga cikin kwatar yake cewa, "Haba 'yammata, ko goro ne ki karɓa!" Da Hausa tsantsa, da muryar Baba. Ni duk zatona a cikin fim ɗin muryar take. Aji huɗu na tsaya, wa zai gaya mini?

Na'urar ta riga Baba mutuwa. Gwangwanin ya shekara talatin a ƙarƙashin gadona, in jawo, in mayar.

Bana wani malamin jami'a, Kirista ɗan Filato, ya kama haya a gidanmu. Na nuna masa gwangwanin, da ya buɗe sai ya dafe kai.

"Maigida, ka san abin da ke hannunka? Yawancin irinsa sun ƙone. Turawa nema suke ido rufe."

"Su yi ta nema. Ni muryar tsohona nake son ji."

Ya kai shi Kano wajen mai na'urar juya fim zuwa kwamfuta. Sati uku ban iya zama ba. In je shagona, in dawo, in leƙa ɗakinsa. Ranar da ya dawo ya buɗe kwamfuta. Ga Baturen, ga kwatar, baki yana motsi. Shiru.

"Malam, ƙara sauti mana."

"Babu sauti."

"To sun goge! 'Yan banza."

"Maigida, ba a taɓa sa masa murya ba. Bebe aka yi shi."

Na zauna. Ashe Baba ne a bayanmu yake ƙirƙira. Shi ya sa wata rana goro Baturen yake bayarwa, wata rana saniya daga kara, kasuwar shanu.

Malamin ya miƙo waya, wai in faɗi abin da na tuna ya ɗauka. Layin goron nan kaɗai na samu. Na faɗa, ya fito a bushe. Ba haka Baba yake jan "haba" ɗin ba.

Na karɓe gwangwanina, ban sayar ba. Har yau ina gwada kalmar a shago, masu sayayya suna kallona. Su kalla.