Ɗan Amshin Mai Baƙar Kwat

Ni dai a lakwal, makarantar boko ke nan, ban yi nisa ba, amma a kan waƙa kada wanda ya ja da ni. A garinmu, can ƙasar Damagaram, in ka ga mawaƙi tsaye shi kaɗai babu 'yan amshi, ba sai an gaya maka ba, duniya ta juya masa baya.

Lokacin ina dako a kasuwar Rungis, kusa da Paris, ɗakina yana fuwaye, gidan da ake tara ma'aikata marasa iyali. Aikin dare muke yi. In na farka bayan azahar kusan kowa ya fita, sai in kai magariba ban ji muryata ba, in ba a salla ba. Abokiyar zamana wata tsohuwar tele ce, wato talabijin, da na tsinta a bakin titi.

A cikinta na san mutumin. Bature ne mai baƙar kwat, murya a kwance kamar yana lallashin jariri. Wani Balarabe maƙwabcina ya ce a da babban mawaƙi ne, mata har suma suke in ya fito, yanzu kuwa an daina sayen faifansa, shi ya sa aka ba shi ɗan fili da rana, bayan shirin girki. Na leƙa bayansa. Fiyano ɗaya, sai labule. Na ce wayyo bawan Allah, har 'yan amshin sun gudu!

An ce mini wai haka suke waƙarsu. Ban yarda ba, har yau kuma ban yarda ba. Sai na ɗauki aikin ba tare da an roƙe ni ba. In ya ja baiti ya tsaya shan iska, in cike masa: "Haka ne, maigida!" Inda Faransancinsa ya fi ƙarfina, in bi shi da la-la-la. Balaraben ya taɓa buga bango ya ce, "Ɗan'uwa, baƙi ka yi?" Na ce, "Aiki muke yi, kada ka dame mu."

Bayan na koma Lyon, na samu aiki a wani sito a Vénissieux, wata Asabar sai ga mutumina a tele. Makaɗa reras a bayansa, zaure cike da jama'a. Ya tsaya shan iska, na buɗe baki, tafi ya rufe ni. Ko waiwaye bai yi ba. Na kashe tele. Ban ce butulu ne ba, amma ban ji ya ambace ni ba har ya rasu.

Yanzu na yi ritaya. Mai ɗakina ta riga ni gidan gaskiya, yara sun watse. Kwanan baya babbar 'yata, wadda ke aiki a Paris, ta turo mini tsofaffin shirye-shiryen nan a waya, don na cika musu kunne da labarin tun suna ƙanana. Ta kira ta ce, "Baba, ga mawaƙinka. Amma ya ba ni tausayi, shi kaɗai fa yake."

Na ce, "Ke, kunnenki ne. Ƙara murya, za ki ji ubanki."

Ta yi dariya, ta ce ana jiranta a ofis, za ta sake kira.

Na jingina wayar da kofin shayi. Ya ja baiti, ya tsaya. Muryata ta dishe yanzu, amma na cike masa.