Dattijo Mai Danna "Ci Gaba"

A ofishin da nake kai wa shayi da mandazi, wato fanke, a unguwar Westlands akwai wani mai furfura, rigarsa a goge, wuyanta ya ƙoƙe. Yatsunsa na wanda ya tsufa yana rubuta manhaja ne, amma yanzu guda ɗaya ke aiki. Na'ura ce ke bin tsarin aikin daki-daki. In ta gama mataki sai ta tambaya, "In ci gaba?" shi kuma ya danna.

"Mzee Kilonzo, cire tambayar nan mana, ta yi ta tafiya!" in ji shugabarsu, ko kallonsa ba ta yi ba. "Kana ɓata mana lokaci."

"To, ranki ya daɗe."

Bai cire ba. Ina jin duk ofishin nan, na'urar kaɗai ta rage mai neman izininsa.