Karen Farautar da Na Shayar da Sirinji

Da maigidana ya yi ritaya, na ɗauka zai yi abin da sa'o'insa suke yi: ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya rungumi rediyo, ya riƙa gyara gwamnati da baki har a kira azahar. Ina! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan tebur, wanda ko kaza za a yanka sai an kira maƙwabci, shi ne ya wayi gari ya ce kiwon karnukan farauta zai yi. Wai kakansa mafarauci ne. Duk zamanmu ban taɓa jin labarin kakan nan ba sai da fansho ya fara fita.

Yana da 'yar gona a bayan gari, can ya kafa abin nasa. Ya samo wani tsohon mafarauci ya ajiye a gonar, dogo, siriri, mai tsadar magana, kowa Baba yake ce masa. Baba ne mai aikin, maigidana kuwa mai ba da umarnin da ba a bi. Ni dai na ce ba ruwana. Ina aikin jinya a asibitin koyarwa, gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma abin da nake kwasa a wurin aiki ya ishe ni, ba sai an ƙara min da na kare ba.

Wata Asabar ya shigo da kwalin taliya a hannu yana takawa a hankali. Na leƙa, sai ga ɗan kwikwiyo ja, ido bai gama buɗewa ba, haƙarƙari duk a waje. Uwar ta haifa da yawa, ta ture wannan.

"Hajiya, ke ce ma'aikaciyar lafiya," in ji shi.

"Ta mutane, Alhaji. Ta mutane!"

Na yi faɗa son raina. Ina cikin faɗan abin ya yi wani ɗan siririn kuka irin na bakwainin da muke sakawa a kwalba. Bakina bai daina faɗa ba, amma hannuna ya riga ya ɗauko sirinji, ya cire allurar, ya dama madara. Haka na raine shi a bayan tankin ruwa, ina ɗura masa ina zaginsa. Ya tashi, ya yi ƙafafu dogaye, ya san ƙarar adaidaita sahun da ke sauke ni daga aiki. Kafin in taɓa ƙofa yana can yana kaɗa jela har da ƙugu. Ba zan ɓoye ba, na so karen nan, kuma na ji haushin kaina da na so shi.

Sai daga baya Alhaji ya gaya min dokar gonar. Baba ba ya ciyar da karen da ba ya kamu. In kaka ta yi, aka fita farautar farko, duk matashin karen da ya kasa sai a kira masu sayen karnuka, waɗanda ke yawo a babur da kejin ƙarfe a baya. Ba mai tambayar inda suke kai su, don kowa ya san tukunya ce. Na ce to lallai a koya wa nawa farauta, ko yana so ko ba ya so.

Yadda Baba yake horo ba wuya. Fatar zomo yake ɗaurewa a igiya, ya bar kare da 'yar yunwa, ya ja fatar a guje cikin ciyawa. In karen ya cafke, a ba shi kayan ciki ya ci, ya gane wahalar tana da lada. Ya ba Alhaji fata ya ce ya je ya fara a gida. Alhaji ya dubi fatar ya taɓe baki.

"Wannan ai aikin da ne. Me za a yi da fata alhali ga zomo sukutum a kasuwa?"

Ya tafi kasuwar Tarauni ya dawo da zomo fari fat, mai jan ido, ƙato, ɗan gida, wanda tunda aka haife shi bai taɓa gudu ba sai dai zuwa wurin abinci. Ya dire shi a tsakar gida, ya ja da baya ya daka tsawa: "Kama shi! Cafke!" Zomon ya dubi karen, ya tako a hankali ya shinshina masa ƙafa. Karen ya ja da baya har ya bugi tanki.

Alhaji ya ce matsalar ita ce ba a nuna masa ba. Ya tattare jallabiya, ya durƙusa da hannu da gwiwa, ya bi zomon yana gurnani. Daidai nan maƙwabciyarmu ta yi sallama za ta ari turmi. Ta tsaya, ta dubi Alhaji, ta dube ni, ta ce za ta dawo. Har yau ba ta dawo aron turmin ba.

Kafin la'asar kare da zomo sun kwanta a inuwa ɗaya, zomon ya tada kai da cikin karen. Cikin 'yan makonni karen ya koyi cin karas. Duk sanda na yi magana Alhaji ya ce ban san dabarar farauta ba, wai nazarin abokin gaba yake yi.

Da aka yanke dawa aka sa ranar fita, na karɓi hutu na bi su. Baba ya dube ni da takalmin asibiti da mayafi ɗaure a ƙugu, ya wuce gaba. Muka shiga gonakin da aka girbe, karnuka na gaba a igiya suna shinshine-shinshine. Ba mu yi nisa ba zomon daji ya fyalla daga ƙarƙashin tarin kara. Baba ya yi bisimilla ya saki karnukan.

Wallahi nawa ya fi su gudu duka. Ya wuce uwarsa, ya wuce manyan da Baba ke taƙama da su, kunnuwa a kwance. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Alhaji na tsalle yana cewa, "Jinin ne! Jinin ne!" Karen ya rutsa zomon a jikin shingen ƙaya, ba gaba ba baya. Sai ya ƙame. Ya kwantar da ƙafafun gaba, ya ɗaga ƙugu sama, ya kaɗa jela, ya matsa ya lashi kunnen zomon. Da sauran karnukan suka iso, ya juyo ya tare su da wani haushin da ban taɓa sanin yana da shi ba. Zomon ya samu kafa ya sulale. Nawa ya dawo wurina yana rangwaɗa, yana jira in yaba masa.

Baba ya daɗe a tsaye, ya dogara da gorarsa.

"Alhaji, tunda nake ban taɓa ganin kare ya yi wa zomo dogari ba." Ya zura wa karen igiya a wuya. "Yau kasuwa. Mai babur zai biyo da yamma."

Na ce ba inda za shi, gida za mu koma da shi. Alhaji ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, kunya ta gama kama shi.

"Hajiya, da wane dalili? Kin san abin da malamai suka ce. Ba a ajiye kare haka kawai, sai don farauta, ko gadi, ko kiwo. Farauta kin gani da idonki. Gadi kuwa, karen da ya raka mai yanke wuta har gindin tsani yana masa fara'a?"

Na zauna a kan kututture ina jin haushin Alhaji, da Baba, da zomon Tarauni, da kaina.

Da yamma mai babur ya iso. Akwai wasu karnuka a kejin, sun yi tsit, sun cusa hanci ta tsakanin ƙarafa. Mutumin ya sauko yana kwance ƙofar kejin. Shashashan nawa ya ja igiya ya nufe shi yana kaɗa jela, ya ɗauka baƙo aka yi. Nan ne hawaye ya zo min, a gaban maza, ni da nake ɗinke mutum ina hira.

"Kiwo!" na ce, na miƙe. "Alhaji, ka ce ko kiwo. To makiyayi ne. Zomo yake kiwo, kowa ya gani yau."

"Hajiya," in ji Baba, "zomo ɗaya ai ba garke ba ne."

"Baba, zomo ne fa. Gobe in na saya masa na biyu, ka dawo bayan damina ka ƙirga, in za ka iya."

Baba ya dube ni, ya dubi karen, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ashe yana da dariya, har da wushirya. Ya miƙo min igiyar ya ce wa mai babur ya yi haƙuri, yau ba kaya.

Babur ya tashi da sauran na cikin kejin, nawa na tsaye yana yi musu sallama da jela. A mota, da muka hau kwalta, Alhaji ya tambaye ni ko zomo mace za mu saya ko namiji, don shi bai taɓa duba na gidan ba. Igiyar nan ban sake ta ba har muka shigo Gyaɗi-Gyaɗi, sai da na zo alwalar magariba na ga ta kwanta min ja a tafin hannu.