Ranar da Aka Yi wa Nivaldo Wankan Baƙin Mai

Duk wanda ya taɓa shan kofi a shagona ya san Seu Nivaldo Pazinato, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai jakar wayoyi a kafaɗa, wanda ba ya bari a gama gaisawa sai ya tambayi mutum ko ya kashe maganeto, na'urar da ke ba injin jirgi wuta. Samari suna kiransa Jiniya a bayan idonsa. Ni ba na taya su dariya, domin ina tsaye a wurin ranar da ya koma haka.

Sana'ata suyar pastel ce, wani abu mai kama da samosa, a bakin wani ɗan filin ciyawa a yammacin Paraná, inda maza masu furfura ke taruwa Asabar da Lahadi da ƙananan jiragen sama da suka ƙera da hannunsu. Ban taɓa hawa ba, ba kuma zan hau ba. Na ga irin gam ɗin da suke manna katakon da shi.

Nivaldo mai gyaran wutar tarakta ne, kuma babu gonar waken suya a yankinmu da bai taka ba. Mutum ne mai sanyin magana, jirgi kaɗai ke taɓa masa kai. Ya yi shekaru yana haɗa nasa a bayan gida da katako da injin tsohuwar mota, har sai da aka fasa bangon gareji kafin a fito da shi. Matarsa Dona Zuleide tela ce, ita ke ɗinka rigunan amaren garinmu. Ita ta ɗinke yadin da aka lulluɓe fukafukan da shi, tana ɗinki tana mita, tana cewa rabin jirgin nata ne kuma nata rabin ya fi kyau. Har riga ta ɗinka wa farfelar katakon don kada rana ta tsaga ta. Duk sanda ya gama gwada injin a ƙasa, yakan sauke makunnan wuta, ya ɗaga mata hannu, ita kuma ta zo ta juya farfelar ta kwantar da ita daidai, ta zura mata rigar.

Kowa a filin nan ya san abin da ake tsoro. Maganeto ba ruwansa da batir. Muddin makunninsa na sama, juya farfela da hannu ya isa ya ba fulogi wuta, ɗan man da ya rage a inji mai zafi kuma ya isa ya kama. Injin yakan yi tsit kamar ya mutu alhali jira yake. Nivaldo kuwa da rufe mai yake kashe nasa: ya bar shi ya tsaya don kansa, sannan ya kai hannu ga makunnan.

Ranar da ya fara tashi da jirgin, Lahadi ce da hantsi, filin ya cika. Al'adarmu ce duk wanda ya fara tashi shi kaɗai, ko ya fara ɗaga abin da ya ƙera, a yi masa wanka da baƙin man inji. Tun da safe bokitin ke ajiye a bayan shagona. Ya zagaya sama, ya sauko lafiya, ya gangaro can ƙarshen filin ya rufe mai. Farfela na tsayawa, kafin hannunsa ya kai ko'ina, babban abokinsa Jurandir mai ƙaton ciki da sauran 'yan gayya suka fizgo shi daga kujera, suka ɗora shi a kafaɗa da gudu. A bayan shagona suka dire shi kan benci, suka juye masa bokitin a ka.

Ina riƙe da tsummokaran da za a goge shi, shi ya sa na fi kowa kusa. Da farko dariya yake, ba ka ganin komai a fuskarsa sai haƙora. Sai na ga dariyar ta ɗauke. Ya yunƙura zai tashi, suka danne shi, don gudun wanka ma cikin wasan yake. Mai ya rufe masa ido. Ya shiga kiran sunan matarsa da wata irin murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Dona Zuleide, zo ki ɗauki jaririnki, yana kuka," in ji Jurandir, kowa ya bushe da dariya.

"Ku sake ni don Allah," in ji Nivaldo, mai na shiga masa baki. "Maganeto. Ban kashe ba."

Ni na ji. Na waiwaya, sai na hango Zuleide can gaban jirgin ita kaɗai, da rigarta ta zuwa coci, rigar farfelar a kafaɗarta. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba. Na yar da tsummokaran na nufe ta ina ɗaga hannu ina ihu. Ta juyo ta dube mu, ta ɗago mana hannu da murmushi, sannan ta ɗora hannayenta a kan farfelar.

Injin bai ma tashi ba. Tari ɗaya ya yi, farfelar ta wulga, ya sake yin shiru. Zuleide ta ja da baya ta zauna a ciyawa a hankali, tana kallon hannunta na dama kamar na wani ne. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi komai razana ni.

Filin ya mutu. Abin da har yau ke hana ni sukuni idan na tuna shi ne Nivaldo. Yana rarrafe a ciyawa, baƙi ƙirin, ba ya gani, yana kama ƙafar duk wanda ya ci karo da shi yana tambaya ko tana tsaye. Jurandir da ya fi kowa baki ya tsaya da bokiti a hannu.

Likitoci sun ceci hannun, amma yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Rigar amaryar da ke kan teburinta wata tela ce ta ƙarasa ta. Nivaldo bai sake tashi sama ba. Ya koma gareji ya haɗa wani ɗan akwati kamar na ashana, wanda ke tsala ihu da zarar inji ya tsaya alhali makunnin wuta na sama. Shi yake yawo da shi filaye-filaye yana ɗaura wa mutane, ko sun nema ko ba su nema ba. Wani matashi ya taɓa yanke wayar nasa wai ƙarar ta dame shi. Nivaldo ya je ya zauna a ƙarƙashin fiffiken jirgin, ya ƙi tashi sai da aka mayar. Wankan mai kuwa ana nan ana yi, sai dai babu mai taɓa matuƙi sai Nivaldo ya leƙa ciki da idonsa. Ko jirgin da aka cire wa inji ne, idan ya ga mutum ya matsa kusa da hancinsa, sai ya je ya janye shi baya.

Bayan an daɗe, Zuleide ta zo shagona wata rana da ba kowa, muna zuƙar chimarrão, shayin ganyen da ake sha a ƙoƙo, tana riƙe da ƙoƙon da hagu. Na kasa haƙuri na tambaye ta ko ba ta ji kiran da yake yi mata ba a ranar.

"Na ji sarai, ƙawata," ta ce. "Jiransa nake ya dawo ya duba makunnan. Sai na ji yana ta kwaɗa mini kira, mutumin da bai taɓa ɗaga murya a gaban jama'a ba. Na ce murna ce, so yake in zo in gan shi. Shi ne na ce bari in yi sauri in rufe farfelar in tafi." Ta ajiye ƙoƙon. "Kada ki faɗa masa."

Ban faɗa masa ba. Har yau Nivaldo gani yake muryarsa ce ba ta kai ba, kuma duk sabon akwatin da ya haɗa sai ya fi na baya ƙara.