Kaka da Baƙin Keken Malam Idi

Gidanmu na Sharada yana bakin gari ne, daidai inda gidajen ƙasa suka ƙare, katangun kamfanoni suka fara. Da yamma in jiniyar tashi daga aiki ta yi kuka, sai hanya ta cika da kekuna, kowa na kaɗa ƙararrawa. A cikinsu nake neman Babanmu, wanda ke aiki a wata masaƙa a Challawa. Kekensa baƙi ne, tsoho, gadon mahaifinsa Malam Idi, wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake kai taki gona, ranar hutu kuma da shi yake zaga dangi a ƙauyuka.

Kaka, mahaifiyar Baba, a gidanmu take. Bayan magariba in an sauke tuwo, ba ta yarda wutar murhu ta mutu a banza. Sai ta jawo kujerarta ƙarƙashin rumfa, ta jera masara a bakin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira maigida, kullum tana ƙorafin ban ba ta kuɗin cefane ba.

Wata rana cikin damina Baba ya dawo yana turo keken, wandonsa duk baƙin mai. Sarƙa ce ta zame masa a hanya, abokan aikinsa da suka sayi babur suka wuce shi suna yi masa tsiya. Ya jingina keken da bango da ƙarfi, ya ce wa Umma, "Na gaji da wannan gwangwanin. Gobe zan kai wa mai faci ya nemo mai saya."

Alhali kuwa ya yi mini alkawarin bayan girbi zai koya mini tuƙi a kansa. Da aka yi sallah muka taru, Baba na zaune nesa kaɗan yana sauraron rediyo, sai Kaka ta juya masara ta ce, "Ku miƙo kunnuwa, ga wata nan ta taho."

"Ta iso mu ji," muka amsa.

"Ta yau ba ƙanzon kurege ba ce. Ni aka yi wa."

Ta ce lokacin tana yarinya da goyon fari, kakanmu Malam Idi yana aiki a kamfanin matsar man gyaɗa a Bompai. Daga Sharada yake ratsa birni a kan keken nan, kullum, rani da damina. Ita kuwa tsoronsa take yi. Ko sharar tsakar gida take, kewaye shi take yi kamar zai cije ta.

Sai ga saƙo daga ƙauyensu, can hayin kogin Challawa, wai mahaifiyarta na kwance, jiki ya yi tsanani, tana ta kiran sunanta. Ruwa ya cinye hanyar mota, babu abin da ke shiga. Ta zauna tana kuka. Malam ya dube ta, ya ninke bargo ya ɗaure a kariyar keke, ya ce, "Gyara goyonki ki hau."

Kaka ta ce, "Na ce masa, Malam, wannan abin mai ƙafa biyu? Ya ce, to ke ƙafa nawa gare ki?"

Muka fashe da dariya. Na lura Baba ya rage muryar rediyo.

Suka bar titi suka shiga burtali, dawa ta rufe su hagu da dama. Ta ƙanƙame rigar Malam, idonta a rufe, tana ta salati. Inda taɓo ya yi yawa su sauka su tura. Ƙaya ta huda taya, ya zauna gindin wata ɗorawa ya yi faci, ita kuma ta ba jariri nono. Da suka kai bakin kogi ruwa ya kawo, ja wur. Mai fito ya ce zai ɗauke su amma ban da keke. Malam ya roƙe shi, ya ce hayin ma da sauran tafiya. A ƙarshe aka kwantar da keken a tsakiyar kwalekwale, ta zauna ta riƙe shi da hannu biyu, ta manta da cewa tsoronsa take.

"Daga hayi akwai wata gangara," in ji Kaka, ta sassauta murya. "Malam ya daina taka feda, keke ya ɗauke mu. Iska ta cika mini mayafi. Na buɗe ido. Wallahi maigida, uwata na kwance ban san halin da zan tarar ba, amma sai na ji dariya ta kuɓuce mini. Na toshe baki ina istigfari. Malam bai waiwayo ba, ya ce, yi abinki, ba wanda ya ji sai dawa."

Sun isa kafin la'asar. Tsohuwa ta ɗaga ido ta ga 'yarta taɓo har gwiwa, ta tambayi me ya kawo su. Da aka ce keke, sai ta ce a tallafe ta ta ga abin. Aka fito da ita ƙofar ɗaki. Ta shafa sirdin, ta sa albarka, ta ce a dama mata kunu. Ta tashi daga wannan ciwon, ta ƙara shekaru masu yawa.

"Shi ke nan?" in ji ƙanwata.

Kaka ta leƙa wajen da Baba yake, ta yi murmushi. Ta ce a hanyar dawowa, a cikin burtalin nan inda ba mai gani, Malam ya karɓi jaririn ya saɓa a kafaɗa, ya riƙe kariya da ɗaya hannun, ya ce ta hau gaba. Ta faɗi cikin kunyar gyaɗa, ta tashi, ta sake hawa. Kafin dawa ta nuna a shekarar, ta iya. Duk damina in ganye ya rufe hanya sai su fita su biyu, wai za su duba gona.

Baba ya kashe rediyon gaba ɗaya. "Inna, ku? Kun tuƙa keke?"

Ba ta dube shi ba. Ni ta miƙa wa masara ta ce, "Gaya wa mai tambaya, a kafaɗar ubansa yake yana tsala ihu. Ta ƙare nan, ku tashi ku wanke hannu."

Washegari ba a kai keken wajen mai faci don sayarwa ba, sabuwar sarƙa aka sa masa. Daga baya Baba ya sayi babur ɗinsa, keken ya dawo hannuna. A kansa na yi makarantar sakandare, a kansa na fara aiki a Bompai, kuma da shi ni da abokaina muka san ƙauyukan Kumbotso ɗaya bayan ɗaya, mu bi gefen kogi mu sha rake mu dawo da yamma ƙafafu na rawa.

Na daɗe ina ɗauka Kaka ta ba da labarin nan ne don ta ceci keken. Sai bayan rasuwarta, da na girma na yi iyali, na gane ba ƙarfen ne ya dame ta ba. Baba ɗan farinta ne. A al'adarsu ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta ce masa ubansa ya so ta, ita ma ta so shi. Sai ta tara mu yara a bakin murhu, ta ɗaga murya daidai yadda zai ji.

Ranar da muka dawo daga binne ta, na tarar da Baba a zaure shi kaɗai. Na zauna kusa da shi. Can ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Ka san ban taɓa jin dariyarta da ƙarfi ba? Ashe tana da ita."